Kwarkwaron Fatsa a Garin da Babu Kogi

A shekarar yaƙin Kuwaiti, lokacin da makamai masu linzami suka riƙa faɗo wa Riyad, ina da shekara shida a garin, ina tuƙa motar wani kamfanin gine-gine. Duk wanda ya zauna nan a lokacin yana tune da kukan jiniya, da tagogin da aka lilliƙe da salatif, da yadda tituna suka yi fayau saboda masu hali sun kwashe iyalinsu sun yi Makka ko Jidda. Mu da fasfonmu ke hannun kafili, wato uban gidan da ya ɗauko mu aiki, wasu an tafi da su tare da iyayen gidansu, wasu an bar mu muna gadin gini. Jiniyar ta daɗe da fita daga kunnena. Abin da ya zauna mini daga wannan shekara wata magana ce da na yi da bakina ranar wata Juma'a.

A unguwar Murabba, bayan wani ƙaramin masallaci, akwai wani tsoho ɗan ƙasarmu da ke share masallacin yana shimfiɗa darduma. Da ƙafa ya zo ƙasar, ta Cadi da Sudan, tun kafin yawancinmu su san hanyar. Ya taɓa yin aikin kuku a gidan wasu Turawa can gabashin ƙasar, bakin teku, shekara biyu, sannan ya dawo Riyad ya yi aure, Allah ya ba shi ɗa guda. Baba mai ajiya muke ce masa. Mu leburori da direbobi kwanan mutum takwas muke yi a ɗaki ɗaya, ba mu da wurin ɓoye komai. Wanda ya sayi 'yan kunne don matarsa, ko agogo, ko Alƙur'ani mai kyau da zai kai wa mahaifinsa, sai ya kai wa Baba, ya ajiye masa har ranar tafiya gida. Ni kaina ina da ƙunshi a wurinsa: likkafanina ne, farin yadi da na jiƙa da ruwan zamzam a hajjina na farko.

Baba ba ya rubutu. Da igiya yake ɗaure kowane ƙunshi, da wani irin ƙulli nasa wanda ba ya kwancewa da ja sai ka san inda za ka taɓa. Ni nake rubuta masa sunayen masu kaya da ajami a 'yan takardu, muna soke su a jikin igiyar. Saboda haka na fi kowa shiga ɗakinsa.

Da aka fara jefo makaman nan, ajiya ta ƙaru, domin kowa na tsoron a kwashe shi ba shiri. Wata ranar Laraba da hantsi na je taya shi janye kaya daga gindin taga zuwa bangon ciki. Ina ɗaga wata tsohuwar adaka tasa sai murfin ya buɗe, wani abu naɗe a tsumman saƙi ya gangaro. Katako ne zagayayye, baƙi-baƙi, faɗinsa kamar murfin kwanon sha. A bayansa an kafa tagulla mai hannu huɗu, a gabansa 'yan maɗauka biyu, ɗaya baƙi sumul, ɗaya farin icce da aka sassaƙa da wuƙa. Zare mai ruwan ƙasa na naɗe a cikinsa. Na murza shi, ya yi ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, kamar tsohon agogon bango.

Garinmu a arewacin Katsina yake, ruwanmu na rijiya ne, ban taɓa kama kifi ba. Amma na yi wata takwas ina tuƙi a gabas, ina kai Turawa bakin teku ranar hutu, na ga suna naɗe zaren fatsarsu da wani abu mai kama da wannan. Sai na ce wa Baba ai na san shi, kayan Turawa ne. Ya karɓe shi daga hannuna ba da garaje ba, ya mayar cikin tsummansa. Ya ce shi kwarkwaro yake ce masa, kuma na gado ne. Na yi dariya na ce yaushe Bahaushe ya fara gadon Bature. Muka ci gaba da jan kaya.

Ranar Juma'a bayan an sauko, muka taru a inuwar masallacin kamar yadda muka saba, ana shan shayi. Baba ba ya nan, ya kai matarsa asibiti. Wani ya ce mu gode wa Allah da ya ba mu mutum irin Baba a wannan hali. Har yau ina neman dalilin da ya sa na buɗe baki, abin da nake samu kawai shi ne ina son a san na san abin da wasu ba su sani ba. Na ce haka ne, amma na ga wani abu a adakarsa irin na Turawan gabas, kuma kowa ya san can ya yi kuku, ya baro aikin ba a san dalili ba. Na ƙara da cewa ni ban ce komai ba, na ce dai na gani.

Ban ce ya yi sata ba. Shekara takwas ina riƙe da wannan, ina gaya wa kaina.

Lokaci ne na tsoro, zukata a tsaye suke. Kafin Juma'a ta zagayo maganar ta zama an kore shi daga gabas saboda ya ɗauki kayan maigidansa. Da farko babu wanda ya fuskance shi. Mutane suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa: wannan ya sami mai tafiya gida, wancan kafilinsa ya ba shi kabad. Baba yakan ɗauko ƙunshin, ya taɓa ƙullin ya kwance, ya miƙa wa mai kaya, ya ce a duba a gabansa. Igiyar kuma ya naɗe ta a yatsunsa ya rataye a ƙusa. Cikin wata biyu ɗakin ya zama fili, ƙusar ta cika da igiyoyi. Wani dattijo ya ce masa ya dafa Alƙur'ani maganar ta mutu. Ya ce ba zai rantse a kan kayan ubansa ba.

Ni ma na je na karɓi nawa, don kada a ce na bar kayana inda na sa wasu suka kwashe nasu. Ya kwance likkafanin ya ba ni, ya zare 'yar takardar da na rubuta sunana da hannuna ya ɗora a kai. Ya yi mini addu'ar sauka lafiya kamar kullum.

Daga nan ya daina zama a majalisa. Ni kuma na canza masallacin Juma'a na koma unguwar Nasiriyya, na ce ya fi kusa da aiki. Sai dai ƙarar abin nan ba ta bar ni ba. Ina tsaye a danja da rana tsaka, siginar mota na ƙas, ƙas, ƙas, sai in ga adakar a buɗe. Ina jan carbi bayan la'asar, 'ya'yan na bugun juna, sai in rasa inda na tsaya a lissafi. Na karanta tun ina gaban malam cewa Allah yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawa, amma hakkin mutum sai mutumin ya yafe. Na sani sarai. Na yi umra sau biyar a tsakanin, ban taka Murabba ba.

A shekarar da aka yi bikin cika shekara ɗari da masu sarautar ƙasar suka kama Riyad, wadda aka buɗe gidan tarihi a Murabba, tsofaffin kaya suka yi daraja. Tsohuwar butar gahawa, tsohuwar ƙofa, duk ana nema a kasuwar gwanjo. A lokacin an san ni da ɗan gyare-gyare, keken ɗinki, rediyo, agogo. Wata ranar Alhamis wani mutum ya yi sallama a ƙofar ɗakinmu, sanye da farar jallabiya irin ta 'yan gari. Sai da ya faɗi ɗan wanda ne na gane shi. Ɗan Baba ne, ya girma ya yi aure, yana aiki a wani kantin magani. A nan aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa sai ya tsaya ya lalubo.

Ya gaya mini ɓarin jikin mahaifinsa ya shanye shekara biyu ke nan, magana da ƙyar. Sannan ya buɗe jaka ya ajiye tsumman saƙin nan a gabana. Ya ce wani dillali ya nemi ya saya, ya tambaye shi mene ne, shekararsa nawa, bai sani ba. Amma ba cinikin ne ya kawo shi ba.

"Ammi," ya ce, haka 'ya'yan nan ke kiran sa'an ubansu, "tun ina makaranta ake cewa babana ya sato wannan. Ban taɓa tambayarsa ba, kunya. Yanzu ya kusa. In haram ne, ina so in fitar da shi daga gidan kafin ya tafi. An ce ku kun san kayan Turawa."

Bai san daga bakin wa maganar ta fito ba. Na ce ya bar mini shi mako guda.

Akwai wani injiniya Bature ɗan Ingila da nake kaiwa wurin aiki, dattijo, wanda hirarsa ba ta wuce kamun kifi. Ranar Asabar na nuna masa a cikin mota. Ya sa tabarau, ya jujjuya, har ya sansana. Da Larabcinsa na wurin aiki da ɗan Turancin da nake ji, ya fahimtar da ni cewa na ƙasarsu ne, kakansa yana da irinsa, kuma an daina yin su da katako tun shi bai san kansa ba. Ya nuna mini inda sunan maƙerin yake a jikin tagullar, ya shafe saura harafi biyu. Ya ce baƙin maɗaukin na asali ne, farin kuwa wani ne ya sassaƙa, kuma duk wanda ya riƙe abin nan ya yi aiki da shi ba na wasa ba. Na tambaye shi ko Turawan gabas na amfani da irinsa. Ya yi dariya ya ce wa zai je teku da wannan alhali ga na ƙarfe. Sai ya ƙara da cewa sai dai in wani ya zo da shi don tunawa da kakansa.

Da ya faɗi wannan na ƙarshen, na ji wani sanyi a ƙirjina. Na ji daɗi. Ashe har yanzu akwai hanyar da maganata za ta zama gaskiya. Muna kan titi, hannuna na kan sitiyari, na gane abin da na ji daɗinsa, na yi ta istigfari har muka isa.

Akwai noti mai fiffike a tsakiyar abin, wanda ya riƙe ɓangaren da ke juyawa. Tsatsa ta kama shi. Kwana uku ina ɗiga masa kananzir safe da yamma. Ranar Laraba bayan sallar walha na shimfiɗa farin ƙyalle, na yi bisimilla na murɗa, ya saki.

Busasshen taɓo ne ya fara zubowa, baƙi, mai laushi kamar kwalli, ba irin jan rairayin ƙasar nan ba. A cikinsa akwai ɓawon kifi guda, faɗinsa ya kai farcen babban yatsana. Sannan a gindin sandar da abin ke juyawa a kai, inda ya kamata a ga wosha, sai na ga wani zagayayyen ƙarfe ya nutse cikin katakon, ya yi kore. Na ɗago shi da bakin allura na goge da lemon tsami.

Kwabo ne mai huji. Irin wanda uwata ke zurawa a zare ta ɗaura a ƙugu, irin wanda ake ba mu mu sayo ƙosai. Ga tauraron nan a baya, ga ɗan rubutun Larabcin da muke gwada karatunmu da shi muna yara. Lambar shekara ta ƙarshe ta goge, amma uku na farko sun fito: ɗaya, tara, huɗu. Woshar asali ta cinye, wani ya duba aljihunsa ya sa abin da ke da rami a tsakiya. Kuma ramin ba zagayayye ba ne yanzu. Sandar ta ci gefe ɗaya har ya koma siffar ƙwai. Na yi gyaran keken ɗinki da yawa, na san ƙarfe ba ya cin ƙarfe haka a shekara biyu, ko biyar. Kuma ba a cikin adaka yake ci ba.

Na warware zaren duka. Na hannu ne, an murza shi a cinya, an rina shi da bagaruwa, warin na nan da sauransa. Da na kai ƙarshe, inda aka ɗaure shi a jikin katakon, sai na ga ƙullin. Taɓo ya bushe a kansa, ya fi shekarun zamana a ƙasar nan. Na sa yatsa na taɓa inda na ga Baba yana taɓawa sau ɗari, ya kwance.

Na san mai son gardama zai iya cewa kwabo ana iya sa shi ko'ina. Amma a nan ne na ga abin da nake yi: ina tara hujja a kan cewa mutum bai yi sata ba, ni da ban taɓa riƙe hujja ko ɗaya ba a kan ya yi.

Da ɗan ya dawo na nuna masa komai a kan ƙyallen, ɗaya bayan ɗaya. Na ce abin ya girmi mahaifinsa, an gyara shi a ƙasarmu a bakin kogi tun zamanin Turawan mulki, kuma ya sha ruwa shekaru kafin Baba ya ga teku. Ya rufe fuska da hannu yana hamdala. Sai na gaya masa sauran, cewa daga bakina maganar ta fito. Ya sauke hannun ya dube ni. Ya yi magana mai tsawo da Larabci, da sauri, ban kama duka ba, amma na kama cewa uwarsa ta rasu ba ta ƙara shiga cikin matan garinmu ba. Ya tattara kayan zai fita, ya tsaya a ƙofa, ya ce da Hausa ba shi zan gaya wa ba.

Ranar Juma'a na koma masallacin Murabba. Bayan an sauko na miƙe a inuwar nan na faɗi abin da na yi, na zagaya da kwabon a tafin hannuna. Mutum goma sha ɗaya ne a zaune, huɗu kawai suka san zancen. Sauran na wancan lokacin wasu sun koma gida, wasu iƙamarsu, wato takardar zama, ta ƙare an kwashe su, uku sun rasu da maganar a cikinsu. Na rubuta wasiƙu da ajami ga waɗanda na san garuruwansu, na ba masu tafiya. Ban san nawa suka isa ba.

Na haɗa kwarkwaron, na mayar da kwabon mazauninsa, na naɗe zaren. Ranar Asabar da la'asar ɗan ya shigar da ni wurin mahaifinsa. Baba na kwance a katifa, ya ƙanƙance, hannun dama a ajiye kamar ba nasa ba. A bango ga ƙusar nan, an taso da ita daga tsohon ɗakin, igiyoyin na rataye.

Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba. Ya saurara idonsa a kan rufi. Da ya yi magana sai da na kai kunnena kusa da bakinsa.

"Malam, ai na sani tun ranar. Kai kaɗai ka gani."

Na ce me ya hana shi faɗa.

"In tona ka, in ƙara mutum na biyu cikin kunya?"

Na ɗora masa kwarkwaron a ƙirji. Ya sa yatsun hagu ya murza farin maɗaukin, ya yi ƙas, ƙas, ƙas. Kaɗan-kaɗan, yana hutawa, ya ba mu labarin, ɗansa na jin sa karon farko. Su masunta ne, a wani tsibiri a kogin Kwara. Mahaifinsa ya yi shekaru yana tuƙa wani Bature a kwalekwale, da zai koma ƙasarsu ya bar masa wannan. Uban ne ya sa kwabon, shi ya sassaƙa maɗaukin, shi ya ɗaura ƙullin. Da aka datse kogin ruwa ya hau, ya rufe tsibirin da gidansu da kabarin uban. Baba ya ce bai iya zama yana kallon ruwan ba, shi ya sa ya kamo hanyar gabas, kuma da ya ga teku ya kasa zama kusa da shi ma. Ya zaɓi garin da babu kogi.

Na zo da ƙunshi a hammatata. Na ajiye a gefensa, na ce likkafanina ne, ɗakinmu babu wurin ajiya, ina roƙon ya riƙe mini. Sai ya nuna ƙusar da haɓa. Ɗan ya zaro igiya ɗaya ya miƙa masa. Baba ya zagaya ta da hannun hagu, ya kama baki ɗaya da haƙori, amma ƙullin na son hannu biyu.

"Kawo yatsanka," ya ce. "Danne nan."

Na danne. Ya zura, ya ja, ƙullin ya zauna.

"Rubuta sunanka, kada ya ɓace cikin kayan mutane."

Babu kayan kowa a ɗakin sai nawa. Na yagi takarda na rubuta, na soke a jikin igiyar. Ya dafa ƙunshin ya ce ya yafe duniya da lahira, in tashi kada in rasa magariba.

Bayan kwana goma sha tara ya rasu. Ɗan bai sayar da kwarkwaron ba. Bayan addu'ar bakwai ya kawo mini ƙunshina har ɗaki, ya ce in duba a gabansa, haka ya ga uban yana yi. Na ce ba sai na duba ba. Yana nan a ƙasan akwatina yadda aka ɗaure shi, na kuma nuna wa babban ɗana inda zai taɓa ranar da za a buƙace shi.